Ko Kun Sani? Dabarar lifidi ce a cikin rigar sulken zamani

Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin rundunar Kano. Shi lifidi zane ne ake cusa wa auduga, a bi shi da ɗinki layi-layi, a lulluɓe doki da mahayinsa. Kibiya na sauka sai zaren ya sarƙe tsininta, audugar ta shanye ƙarfinta. Aibinsa nauyi da zafi, ga saurin kama wuta.

Hikimar nan ta haɗa abu mai tauri da mai laushi, ita injiniyoyi ke bi har yau. A 1965 Stephanie Kwolek ta kamfanin DuPont a Amurka ta gano zaren Kevlar, wanda ya fi ƙarfe ƙarfi kusan sau 5 idan nauyinsu ɗaya. A rigar sulken zamani ana jera shi shimfiɗa kan shimfiɗa. Idan harsashi ya doka, sai zaren ya miƙe ya watsa ƙarfin bugun gefe-gefe, kan harsashin ya baje tun bai kai ga fata ba.

Sai dai akwai lauje cikin naɗi: shimfiɗun kan rabu daga ciki, waje kuwa sumul. Shi ya sa ake duba jikin jirgin Boeing 787, wanda kusan rabin nauyinsa haɗin shimfiɗun zare ne, galibi na carbon, da na'urar da ke aika sauti cikinsa. Mai hular kwano a titunan Jos ma, in ta taɓa buguwa da ƙarfi, ya canza ta, don ɓarnar kan ɓuya a ciki.