Kuɗin Fita Daga Bashin Gida: Wata Ɗaya na Jayayya Nawa Yake Ci?

A yankin Bagudo, daga Sharabi zuwa Illo da Tsamiya har bakin iyakar Benin, kuɗi ba ya zuwa wa mutum ɗigo-ɗigo. A dunƙule yake zuwa: bayan an sayar da shinkafa ko albasa, ko an kai shanu kasuwa, ko ma'aikaci ya karɓi kuɗin sallama. Wanda ke da bashin gida a wuyansa, da zarar irin wannan kuɗi ya shigo hannu, tunaninsa na farko shi ne ya sauke nauyin ya karɓo takardar gidansa. A nan ne wasu ke cin karo da wani caji da ba su sa shi a lissafi ba, wato tarar biyan bashi kafin wa'adi, ko kuɗin rufe asusu.

Bari mu ɗauki misali, na lissafi kawai. Ɗan kasuwa ya ci bashin naira miliyan 10 ya jinginar da gida, a kan ruwa kashi 24 cikin 100 a shekara, zai biya cikin shekara 10. Kowane wata zai riƙa biyan kusan naira 220,500. Bayan shekara 3 ya zuba wa banki kusan miliyan 7.94, amma abin da ya ragu daga uwar kuɗin bai wuce miliyan 1.07 ba. Saura duk ruwa ya cinye. Ana binsa kusan miliyan 8.94. Wannan ba maguɗi ba ne, haka tsarin yake: a shekarun farko ruwa ne ke lashe mafi yawan abin da ake biya. Idan ya ci gaba har ƙarshe, zai ƙara biyan miliyan 18.5. Idan ya biya yau, ya tsira da kusan miliyan 9.6. Wannan ribar da za ta kuɓuce wa banki ita ce dalilin tarar.

To nawa tarar take? Ya danganta da kalmomin da aka rubuta. Kashi 2 na abin da ya rage shi ne naira 178,700. Kashi 2 na asalin bashin kuwa 200,000 ne. Idan aka ce ruwan wata uku, ya kai 536,000. Bashi ɗaya, rana ɗaya, amma tsakanin ƙarami da babba akwai fiye da naira 350,000. Shi ya sa tambayar farko ba "nawa ne?" ba ce, "a kan me aka lissafa?" ce.

Ga alƙalamin da mutane suka fi mantawa da shi. A kan wancan miliyan 8.94, ruwan kowace rana kusan naira 5,900 ne. Ruwan wata ɗaya 178,700, daidai da tarar kashi 2 ba ragi ba ƙari. Ke nan wanda ya ce ba zai biya ko kwabo ba sai an soke tarar, ya kuma shafe wata guda yana zirga-zirga tsakanin Bagudo da Birnin Kebbi, ko da ya yi nasara, ya riga ya biya tarar ta wata ƙofa, ban da kuɗin mota. Idan bai yi nasara ba, ya biya sau biyu. A ganina hanya mafi tsira ita ce a biya bashin duka, a haɗa da wasiƙa mai cewa ba a amince da tarar ba kuma za a nemi a mayar da ita, a sa banki ya buga hatimi a kan kwafin, sannan a shiga jayayya bayan ruwa ya daina gudu.

Lissafin yana sauyawa ga malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya ci bashi ta Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda dokar 1992 ta kafa, ake cirar kashi 2.5 na albashi dominsa, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuma yake kula da shi. Ruwansa kashi 6 ne. Miliyan 10 a shekara 20 na nufin kusan naira 71,600 a wata. Bayan shekara 5 saura miliyan 8.49, ruwan wata kuwa bai fi 42,500 ba. Da za a nemi kashi 2 a wurinsa, wato 169,800, ruwan wata huɗu ke nan, don haka yana da sararin tsayawa ya ja. Ta fuskar lissafi zalla ma, bashi mai ruwa kashi 6 a lokacin da tsadar kaya ta ninka haka ba abin gaggawar biya ba ne. Sai dai da yawa a wannan yanki ba lissafi ke kora su ba, so suke su rabu da riba tun suna raye, kuma wannan dalili ne da ya cancanci girmamawa.

Makamin mai ƙorafi shi ne jadawalin caje-caje na Babban Bankin Najeriya da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020. A cikinsa kuɗin gudanar da bashi ba ya wuce kashi 1, kuma sau ɗaya ake karɓa. Jimillar kuɗaɗen bayar da bashi ba ta wuce kashi 2. Duk cajin da ba ya cikin jadawalin, sai banki ya samu amincewar Babban Bankin a rubuce. Inda aka ce caji abin ciniki ne, wajibi ne a sanar da abokin hulɗa cewa yana da damar neman ragi. Tarar da ake ci wa bankin da ya saɓa wannan naira miliyan 2 ce kan kowane laifi. Don haka a buƙaci banki ya nuna abu biyu: layin da tarar take a takardar da aka sa wa hannu ranar cin bashin, da gurbinta a jadawalin. A fara kai ƙorafi ga bankin a karɓi lambar ƙorafi. Idan mako biyu suka wuce, ko kwana 30 a wasu batutuwan, ba a warware shi ba, sai a tura shi Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na Babban Bankin, wanda ke da reshe a Birnin Kebbi. Wa'adin kai irin wannan ƙorafi shekara 6 ne daga ranar da aka yi cirar.

Wannan rigima ba mu muka fara ta ba. A Ingila bankuna sun yi ta ƙara kuɗin fita bayan mutane sun riga sun sa hannu, har wasu suka kusa fam 300. A Janairun 2007 hukumar kula da harkokin kuɗi ta tsawatar, aka kuma mayar wa mutane da yawa bambancin. Ostareliya ta haramta kuɗin fita a sababbin basussukan gida daga 1 ga Yulin 2011, Indiya ta hana shi a bashin gida mai ruwa mai hawa da sauka a 2012. Faransa ta ƙayyade shi: ruwan wata shida, kuma kada ya wuce kashi 3 na abin da ya rage. Masu ƙorafi a Ingila da hujja ɗaya suka ci, wato abin da aka rubuta ranar farko shi ne abin biya.

Wanda ya sayi gida ta bankin Musulunci bisa tsarin murabaha, lissafinsa daban ne, domin farashin an riga an yanke shi tun farko. Abin tambaya a wurinsa shi ne ko za a yi masa rangwame idan ya biya da wuri, kuma nawa.

Biyan kuɗi ba ya kwance jingina shi kaɗai. Sai an karɓi takardar shaidar kammala biya, da takardar sakin jingina, da asalin takardar mallakar gidan, a kuma kai ofishin filaye a yi rajistar sakin. Idan banki ya sa kuɗin lauya ko na rajista a cikin lissafin rufewa, a nemi rasit ɗin kowanne daban.