Adireshin imel uku, akwati ɗaya: abin da ya canza a Gmail

Matasa da yawa a Maraɗi, Damagaram da Yamai suna da adireshin imel fiye da ɗaya ba tare da sun shirya hakan ba. Akwai na Yahoo da aka buɗe a shagon intanet tun ana lakwal, akwai na Gmail da mai sayar da waya ya buɗe don Play Store ya yi aiki, wani kuma jami'a ko wurin aiki suka ba shi na uku. Sai mutum ya rubuta tsohon adireshin a takardar neman aiki ko ta tallafin karatu, amsa ta zo ta yi mako biyu ba wanda ya leƙa, wa'adi ya wuce.

Shekaru da dama maganin wannan shi ne a sa Gmail ya riƙa kwaso wasiƙun sauran adireshin, har guda 5, ta hanyar da ake kira POP. Sai dai kamfanin Google ya sanar da rufe wannan hanya a 2026, tare da tsarin Gmailify. Wasiƙun da aka riga aka kwaso suna nan, sababbi ne za su daina shigowa, kuma wanda bai ji labari ba zai ɗauka ba a rubuto masa ba ne.

Hanyoyi biyu suka rage. Manhajar Gmail ta waya tana karɓar adireshin Yahoo ko Outlook, ta nuna wasiƙun duka a jere ɗaya, kuma ga wanda duk harkarsa a waya take, wannan ya wadatar. Ta biyu ita ce a shiga tsohon adireshin a umarce shi ya riƙa tura duk abin da ya shigo zuwa sabon. Masu Yahoo ne ke cin karo a nan, domin tun farkon 2021 kamfanin ya cire wannan dama ga waɗanda ba sa biyan kuɗi.

Ko an haɗa, a riƙa leƙa tsohon akwatin lokaci-lokaci. Tun Disamban 2023 Google na iya goge asusun da ya shekara 2 ba a yi amfani da shi ba.

Babban haɗarin ya fi shafar ƴan ci-rani. Da zarar komai ya taru a wuri ɗaya, duk wanda ya samu kalmar sirrin akwatin zai iya sake ta Facebook da sauran shafukan da ke manne da shi. Shi ya sa ake ɗaure asusu da lambar waya. To amma wanda ya tafi Aljeriya, Libiya ko Abijan ya bar layinsa na Airtel ko Zamani a gida, ranar da wayarsa ta ɓata saƙon tantancewa zai tafi ne ga layin da ba ya hannunsa, wataƙila ma an rufe shi an ba wani.

Google na bayar da lambobin ajiya guda 10 ga wanda ya kunna tantancewa mai mataki biyu, kowacce ana amfani da ita sau ɗaya. Ana samunsu a sashen tsaro na asusun, a kwafe su a takarda kafin tafiya, a ajiye tare da fasfo. Idan an isa aka sayi sabon layi, a sauya lambar da ke asusun tun tsohuwar wayar tana aiki.