Milisakan 60: lissafin da ke bayan kwikshiftar babur

Lambar da masu sayar da kwikshifta suka fi tutiya da ita ita ce tsawon lokacin da na'urar ke ɗauke wa inji ƙarfi, kuma mai saye yakan ɗauka cewa mafi ƙanƙanta ita ce mafi kyau. Lissafi bai yarda da haka ba.

Aikin na'urar ba shi da wuyar fahimta. Muddin inji na jan babur, haƙoran da ke kama giya a matse suke da juna, ba sa sakin jiki. Shi ya sa mahayi ke sassauta totur, ya kama kuloci, sannan ya sa giya. Kwikshifta tana da sensa a jikin sandar giya. Da ta ji matsin ƙafa sai ta yanke wutar fulogi ko ta tsayar da mai na ɗan lokaci, haƙoran su saki, giya ta shige, totur na nan a buɗe. Yankewar kan kama daga milisakan 40 zuwa 80, kuma milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Daga filin tsere dabarar ta fito, BMW ya sa ta a HP2 Sport na 2008, yau kuma kamfanoni irin su Dynojet na Amurka, HealTech na Hangari, Translogic da HM na Ingila, da Cordona na Suwidin suna ƙera ta don baburan da ba su zo da ita ba.

To me milisakan 60 ke nufi a cikin inji? A juyi 10,000 a minti, karanshaf na zagayawa sau 167 a sakan, wato sau 10 cikin wannan ɗan lokaci. Inji mai silinda huɗu yana tartsatsi sau biyu a kowane zagaye, ke nan an hana shi tartsatsi 20. A juyi 4,000 kuwa, zagaye 4 ne kacal da tartsatsi 8. Lamba ɗaya ce, amma inji bai ji ta iri ɗaya ba.

Babban bambancin yana cikin giyoyin kansu. Ɗauki Yamaha R6 daga 2006 zuwa sama: ƙimar giya ta ɗaya 2.583 ce, ta biyu 2.000, ta biyar 1.286, ta shida 1.150. Daga ta ɗaya zuwa ta biyu dole juyin inji ya faɗi da kusan kashi 23 cikin ɗari, daga ta biyar zuwa ta shida kuma kashi 11 bai ma cika ba. Idan aka canja a juyi 14,000, a na farko inji zai sauko wajen 10,800, a na ƙarshe wajen 12,500. Tazarar sama da 3,000 ke nan a ƙasa, 1,500 a sama. Saboda haka ƙananan giyoyi sun fi son doguwar yankewa, manya kuma gajeriya. Idan lokacin ya gaza, ƙarfi zai dawo haƙora ba su gama kamawa ba, babur ya faɗa firi tsakanin giya biyu ko giyar ta tsallo baya, kuma a hankali gefen haƙoran ya cinye. Idan ya yi yawa, gaban babur ya duƙa sannan ya fizga. Na biyun takaici ne kawai, na farkon sai an kwance inji. A ganina, na'urar da ke barin a saita lokaci gwargwadon giya ko juyin inji ta fi wadda ke alfahari da ƙaramar lamba guda, ko da ta fi ta tsada. Ta HealTech, alal misali, da waya ake saita ta ta Bluetooth.

Ribar fa? Mu ƙaddara canjin giya da kuloci na cin milisakan 300. An rage 240 ke nan, canji biyar daga ta ɗaya zuwa ta shida ya ba da sakan 1.2. Babur da ke ƙara gudun kilomita 14 a awa cikin kowane sakan zai tsira da gudun kusan kilomita 3 da rabi a awa a kowane canji. A filin tsere wannan matsayi ne guda. A kan titin gari kuwa danja ta gaba za ta cinye shi, abin da ya rage wa mahayi shi ne daɗin tuƙi, wanda shi ma ba laifi ba ne a biya masa kuɗi. Bajaj Boxer na ɗan acaɓa, mai giya huɗu, ba ya cikin wannan zance.

Akwai lambobin da ba na lokaci ba, kuma su ne suka fi sa a sayi abin da ba zai yi aiki ba. A ƙirga injekta: R6 tana da 8, biyu ga kowace silinda, don haka na'urar da ke tsayar da 4 kawai ba za ta kashe ƙarfin ba idan juyi ya yi sama. Babur mai kafireto kuwa sai yanke wuta. Yanke wutar shi ne ke tura ɗanyen mai cikin salansa ya yi ƙarar nan da samari ke so, amma yana wahalar da matatar hayaƙi. A kuma duba ko sandar giya turawa take yi ko ja, domin wasu sensa ɓangare ɗaya suke ji, kuma wanda ya juya tsarin giyarsa irin na 'yan tsere ya juya wannan ma. Sensa mai auna matsi ta kowane ɓangare ta raba gardama.

Saura saukar da giya. Wannan ba yanke ƙarfi take buƙata ba, ƙarin totur take so na ɗan lokaci, kuma hanya mafi sauƙi ita ce totur ɗin da kwamfuta ke sarrafawa, irin wanda Yamaha ya sa wa R6 a 2006. Mai babur da totur ɗinsa ke jan waya ya sa a ransa cewa galibi hawa kawai zai saya, saukowa sai da kuloci.