Gidan Cin Abinci a Cikin Tsohon Gini

A kan titin Piccadilly na birnin Landan, a lamba 160, akwai gidan cin abinci mai suna The Wolseley. Wanda ya shiga zai rantse tun fil azal domin cin abinci aka gina wurin. Ba haka ba ne. A shekarar 1921 kamfanin motoci na Wolseley ya sa William Curtis Green ya zana masa zauren baje kolin motoci: daɓen marmara baƙi da fari, dogayen ginshiƙai, da rufi mai bakan gizo. Ciniki bai yi kyau ba, kamfanin ya karye a 1926, bankin Barclays ya karɓi ginin a shekarar da ta biyo baya, ya zauna ciki har 1999.

Da Chris Corbin da Jeremy King suka buɗe gidan abincinsu a 2003, mai tsara musu ciki, David Collins, ya yi abin da ya fi wuya ga mai fasaha, wato ya kame hannunsa. Daɓen yana nan, ginshiƙan suna nan. Ofisoshin manajojin banki guda biyu da ke gefen ƙofar shiga ba a rushe su ba. Ɗaya ya zama wurin shaye-shaye, ɗaya kuma ɗakin shan shayi. A ganina nan gwanintar take. Ginin ne ya nuna inda kowane abu zai zauna, mai tsarawa ya bi.

Doka ma ba ta bar shi sakaka ba. A Ingila ana sa gine-ginen tarihi a rajista mai matakai uku, kuma dokar 1990 ta mayar da taɓa irin wannan gini ba da izinin hukuma ba laifi, ko da a cikin ɗaki ne. Shi ya sa masu wannan sana'a suke riƙe da ƙa'ida ɗaya: duk abin da ka ƙara, ya zama za a iya cire shi gobe ba tare da ya bar tabo ba. Kanta ta tsaya da ƙafafunta, kada a kafe ta a jikin tsohon katako. Wayar lantarki ta bi ramin da ta tarar.

Babbar wahalar kuwa tana inda mai cin abinci ba ya gani. Kicin na fitar da hayaƙi da maiƙo da zafi, kuma dole a sama musu bututun da zai kai su sama da rufi. Ginin da ya shekara ɗari ba a yi shi da wannan tunanin ba, kuma ba a yarda a huda fuskarsa. Sau da yawa sai a tura kicin ƙarƙashin ƙasa, a lallaba bututun ta tsohuwar hanyar hayaƙin murhu ko ta bayan gida. Sai kuma ƙara. Marmara da dutse da rufi mai tsayi suna mayar da sauti tamkar rijiya; cokali ya taɓa faranti a wannan kusurwa, a ji shi a waccan. Maganin ba a bango yake ba, tunda bango ba ya taɓuwa. Yana cikin kayan ɗaki: dogayen kujeru masu soso da fata, labule mai kauri, mayafin tebur. Haske ma saukar da shi ake yi kusa da tebur, domin fitilar da ke can ƙololuwa tana haska rufi ne, ta bar fuskokin mutane cikin inuwa.

Kame hannu ba ya nufin tsoron launi. A Conduit Street, cikin gidan da James Wyatt ya zana a 1779, akwai wani gidan cin abincin mai suna Sketch. A 2014 mai tsara ciki India Mahdavi ta shafe babban zaurensa da ruwan hoda tun daga bango har kujeru, aka jera zane-zanen David Shrigley. A 2022 ta sake shi zuwa rawaya, wannan karon da ayyukan Yinka Shonibare, wanda ya taso a Legas. Fenti ne da yadi da hotunan rataye aka canza, bangon gidan kuwa yana yadda yake.