Injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu: labarin lokotoro Jon Gibon



Duk wanda ya taɓa feɗe ragon layya ya ga zuciya da huhu a manne da juna cikin ƙirji. Haka suke a jikin mutum ma. Idan ƙafa ta karye, akan ɗora ta, ta huta har ta warke. Idan ido ya yi ciwo, akan rufe shi kwana biyu. Amma zuciya ba ta da hutu, dare da rana. To, idan ta sami rauni a ciki, yaya likita zai ɗinke ta alhali tana motsi, kuma cike take da jini? Wannan tambaya ta daɗe tana gagarar likitocin duniya. Yau mun kawo maku labarin wani lokotoro ɗan ƙasar Amurka, mai suna Jon Gibon, wanda ya yi shekara fiye da 20 yana neman amsarta, shi da matarsa, da taimakon kyanwoyi da karnuka.

Aikin zuciya da huhu

Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Ɗaki huɗu gare ta, biyu a dama, biyu a hagu, da bango a tsakani. Aikinta irin na injin ban ruwa ne a lambun albasa: ya jawo ruwa, ya tura shi cikin tiyo.

Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gama zagaya jiki, ya yi duhu, ya tura shi zuwa huhu. A cikin huhu jini yake ajiye gurɓatacciyar iska, ya ɗauki iska mai kyau da ake kira oksijin, ya koma ja jawur. Daga nan ɓangaren hagu ya karɓe shi, ya tura shi ko'ina, daga kai har tafin ƙafa.

Babban mutum yana da jini wajen lita 5. Idan yana zaune, zuciya tana tura wannan jini duka cikin minti ɗaya. Tana bugawa wajen sau dubu 100 a kwana guda. Idan jini ya daina isa ƙwaƙwalwa minti 4 ko 5, sai ta fara lalacewa. Shi ya sa ba a iya cewa zuciya ta dakata a gyara ta, sai in akwai abin da zai karɓi aikinta.

Daren da ya canza rayuwarsa

An haifi Jon Gibon a birnin Filadelfiya a shekarar 1903. Mahaifinsa ma likitan fiɗa ne. Wajen shekarar 1930, yana saurayin likita, yana aiki a wani babban asibiti na birnin Boston, a ƙarƙashin malaminsa lokotoro Edwad Cocil.

Akwai wata mata da aka yi wa aikin matsarmama. Tana cikin jinya sai gudan jini ya taso ya toshe babbar jijiyar da ke kai jini daga zuciya zuwa huhu. Aka ɗora Gibon a kanta, ya kwana yana auna bugun jininta da numfashinta kowane minti 15. Yana gani jijiyoyinta suna kumbura, jininta yana ƙara duhu, ba shi da abin yi. Da gari ya waye ta suma. Malaminsa ya buɗe ƙirjinta da sauri, ya cire gudan jinin cikin ƴan mintoci. Amma ba ta farfaɗo ba.

A cikin wannan dare wani tunani ya zo wa Gibon. Ya ce a ransa: da za a iya janye baƙin jinin nan daga jikinta, a sa masa iska mai kyau a waje, a mayar mata da shi, ai da ta rayu har a gama aiki. Da ya faɗa wa manyansa, da yawa suka ba shi shawara ya bari, kada ya ɓata ƙuruciyarsa a kan abin da ba zai yiwu ba. Bai bari ba.

Miji da mata da kyanwoyi

A ɗakin binciken malaminsa akwai wata ma'aikaciya mai suna Meri Hofkinson, gwanar aikin gwaji. Suka yi aure a 1931. A 1934 suka duƙufa kan ƙera injin, su biyu, da roba da gilashi da ƴan ƙarafa.

Famfon da zai tura jini bai ba su wuya sosai ba. Huhu ne babban aiki. Dole jini ya bazu siriri, kamar man da aka shafa a tanda, kafin iska ta shige shi da kyau. Sai suka ƙera wata gwangwani a tsaye mai juyawa. Jini yana gangarowa a jikin bangonta na ciki, ana hura masa oksijin, ya taru a ƙasa ya yi ja.

Sauran matsala guda. Kowa ya san jinin yanka ba ya daɗewa a ƙasa sai ya daskare. Haka yake yi cikin tiyo. Allah ya sa a wannan lokaci an fara samun wani magani mai hana jini daskarewa, sunansa hefarin. An gano shi tun 1916, amma sai a shekarun 1930 aka iya tace shi da kyau a ƙasar Kanada. Ba don shi ba, da injin bai yi aiki ba.

Ba a gwada sabon abu irin wannan a kan mutum. Injin kuma ƙarami ne, ba ya iya ɗaukar jinin babbar dabba. Don haka suka zaɓi kyanwa. Kuɗinsu kaɗan ne, har Gibon yakan fita da dare da buhu da ɗan kifi, yana kama kyanwoyin titi marasa masu su.

Ga yadda gwajin yake. Su yi wa kyanwa allurar barci. Su haɗa jijiyoyinta da injin. Sa'an nan su matse jijiyar da ke zuwa huhu, wato irin toshewar da ta kashe matar nan. Sau da yawa ba a dace ba. Wani lokaci jini ya yi kumfa, wani lokaci injin ya farfasa ƙwayoyin jini. A 1935 wata rana suka matse jijiyar gaba ɗaya, kyanwa ba ta mutu ba, injin ya riƙe ta. Gibon ya ba da labari daga baya cewa shi da matarsa sun yi rawa cikin ɗakin gwaji don murna. Zuwa 1939 sun kai ga wasu kyanwoyin suna farfaɗowa bayan gwaji, su warke, su ci gaba da rayuwa.

Daga kyanwa zuwa kare

Yaƙin duniya na biyu ya tsayar da aikin, don Gibon ya tafi aikin likitan soja. Bayan yaƙi ya zama malami a makarantar likitoci ta Jefason, a Filadelfiya. A wannan lokaci ya haɗu da Tomas Watson, shugaban kamfanin IBM, wanda ya ba shi injiniyoyi da kuɗi don a ƙera babban inji.

Sai aka koma kan karnuka, don jininsu ya fi yawa, zuciyarsu kuma ta fi kusa da ta ɗan yaro. Mataimakan Gibon suka lura cewa jini ya fi shan iska idan yana gangarowa a kan ragar ƙarfe mai kama da rariya, domin yana jujjuyawa. Aka sāke huhun injin da jerin ragogin ƙarfe. Suka koyi buɗe zuciyar kare, su huda bangon tsakiya, su ɗinke shi, su rufe. Da fari yawancin karnukan mutuwa suke yi. Sannu a hankali yawancinsu suka riƙa tashi.

Ranar 6 ga Mayu 1953

Wajen jariri ɗaya cikin 100 akan haife shi da wata nakasa a zuciya. Wasu ƙofa ce ke gare su a bangon tsakiya, jinin hagu yana komawa dama, zuciya tana aikin banza har ta gaji.

A 1952 Gibon ya gwada injin a kan wata jaririya mai wata 15. Ba ta rayu ba, domin cutar da aka zata ba ita ce ke gare ta ba. Ranar 6 ga watan Mayu 1953 aka kawo masa wata ɗaliba mai shekara 18, mai ƙofa a bangon zuciya. Ya haɗa ta da injin na minti 45. A cikin waɗannan, minti 26 cur injin kaɗai ne zuciyarta da huhunta. Ya ɗinke ƙofar, zuciya ta karɓi aikinta. Yarinyar ta warke, ta koma gida, ta rayu shekaru masu yawa. Wannan shi ne karo na farko a duniya da aka yi nasarar gyara cikin zuciyar mutum da irin wannan inji.

Murna ba ta daɗe ba. A cikin shekarar ya yi wa yara mata biyu aiki, masu shekara biyar-biyar, dukansu suka rasu. Abin ya taɓa shi ƙwarai. Ya ajiye aikin buɗe zuciya, bai sāke yi ba har ya rasu a 1973. Amma bai ɓoye iliminsa ba. Ya ba lokotoro Jon Kirklin na asibitin Mayo zanen injin. Su kuma suka gyara shi, suka fara aiki da shi a 1955. Cikin mutum 8 na farko, 4 suka rayu. Daga nan aikin ya yi ta kyautatuwa, ya bazu cikin duniya.

Da irin wannan inji ne lokotoro Kiristiyan Barnad ya yi dashen zuciya na farko a 1967, a ƙasar Afirka ta Kudu. A maƙwabciyarmu Nijeriya, an yi aikin buɗe zuciya na farko a 1974, a asibitin jami'a na Inugu. Akwai kuma ƙanin wannan inji, wanda ke iya riƙe majinyaci kwanaki ko makonni har huhunsa ya warke. Da shi aka ceci wasu masu cutar korona a 2020.

Haƙƙin dabba

Mu da muke kiwo mun san dabba tana jin ciwo, kuma tana da haƙƙi a kanmu. Kada mu manta kyanwoyi da karnuka masu yawa sun mutu kafin a ceci mutum na farko. Wannan bashi ne a wuyan ɗan Adam. A 1959 wasu masana biyu na Ingila suka shimfiɗa ƙa'idodi uku, waɗanda ƙasashe da yawa suke bi yau. Na ɗaya, in akwai wata hanya, kada a yi gwaji da dabba. Na biyu, in ya zama dole, a rage yawansu. Na uku, a sauƙaƙa masu wahala da maganin barci da kulawa mai kyau.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Aikin buɗe zuciya yana da tsada, kuma sai a manyan asibitoci ake yin sa. Mai ciwo a ƙauyen Maraɗi ko Tawa ko Damagaram yana da nisa da shi. Hukumar lafiya ta duniya ta ce cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum fiye da miliyan 17 a shekarar 2019, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Don haka rigakafi ya fi magani. Ga abubuwa biyar da kowane gida zai iya:

1. Yaro mai ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, a kai shi gidan likita. Wata ƙwayar cuta ta maƙogwaro, in ba a kashe ta ba, takan jawo ciwon gaɓoɓi, ta lalata murafun cikin zuciya. Fenisilin yana maganinta da araha. Kada a yi masa cirar beli.

2. Jaririn da ke haki wajen shan nono, yana gumi, ba ya girma, ko leɓɓansa suna yin shuɗi, a nuna shi ga likita da wuri.

3. Babba ya riƙa auna jininsa ko ba ya jin ciwo, don hawan jini ba ya sallama. Idan awo ya kai 140 bisa 90, wanda ma'aikatan lafiyarmu ke cewa 14 da 9, ko ya wuce, kuma ya maimaita, a nemi magani, a dage da shan sa.

4. A rage gishiri da dunƙulen miya, a bar taba. Gishirin yini bai kamata ya cika ƙaramin cokalin shayi ba. Mai jego ta yi hattara da kunun kanwa. Binciken da likitoci suka yi a Zariya a shekarun 1970 ya nuna yawan kanwa da tsananin zafin wankan jego suna ƙara wa zuciya nauyi. In ta ga kumburin ƙafafu da haki, ko ta kasa kwanciya sai a zaune, a garzaya da ita asibiti.

5. Wanda aka yi wa fiɗa, ko matar da ta haihu, su fara ɗan takawa da zarar likita ya yarda. Doguwar kwanciya tana sa jini ya daskare a ƙafa. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya, alamar haɗari ce. Irin wannan gudan jini ne ya kashe matar da Gibon ya kwana yana tsaro.

Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Gibon da Meri sun yi nasu haƙurin. Namu ya fi sauƙi: mu kai yaro gidan likita tun ciwo yana maƙogwaro, kafin ya sauka zuciya. Wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta wa na kusa da shi wanda bai iya ba tukuna.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka. Sai fitowa ta gaba.