Magani Ɗaya, Kamfanoni Da Yawa: Bayani a Kan Magungunan Fargaba da Gidauniya Ke Biya wa Marasa Lafiya

Daga cikin tambayoyin da kwamitocin masallatai na Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa suka yawaita kawo mana a wannan shekara, akwai guda biyu da suka shafi tallafin magani. Ta farko daga iyalan marasa lafiya take fitowa: a watan jiya an ba su ƙwaya ruwan ɗorawa, a wannan wata kuma fara, shin an canza musu magani ne? Ta biyu kuma daga wasu masu ba da gudummawa: me ya sa Gidauniya ba ta sayen maganin da ake kira "orijina", tunda Hausawa sun ce araha ba ta ado? Tambayoyin biyu sun fi tasowa a kan magungunan ciwon fargaba da damuwa, kuma dukansu sun cancanci amsa, domin dukiyar da ake kashewa amana ce, lafiyar da ake nema kuma ta bayin Allah ce masu rauni.

Asalin yawan sunaye

Kowane magani yana da suna iri biyu. Akwai sunan sinadarin da ke yin aiki a jiki, akwai kuma sunan kasuwa wanda kamfani ya laƙaba masa. Misali mafi kusa shi ne diazepam. Kamfanin Roche na ƙasar Suwizalan ne ya fara fito da shi kasuwa a shekarar 1963 da sunan Valium. Haka ma bromazepam, wanda mutane da yawa suka fi sani da Lexotan. Doka tana ba kamfanin da ya ƙirƙiro magani haƙƙin mallaka na kimanin shekara 20, domin ya mayar da abin da ya kashe wajen bincike. Idan wa'adin ya cika, sai a buɗe ƙofa ga sauran kamfanoni su haɗa wannan sinadari su sayar. Su ba su ɗauki nauyin binciken farko ba, ga kuma gasa a tsakaninsu, shi ya sa farashinsu ke sauka. Wannan shi ne tushen arahar, kuma shi ya sa ake samun diazepam na Najeriya da na Indiya da na Turai a kanti ɗaya, kowanne da launinsa da kwalinsa.

Abin da ya wajaba ya zama ɗaya

Kafin hukuma ta amince da irin wannan magani, ana buƙatar sinadarin ya kasance shi ne dai, ƙarfinsa ya yi daidai da abin da aka rubuta a kwali, ƙwayar kuma ta narke a cikin lokacin da aka ƙayyade. A ƙa'idar da manyan hukumomin duniya ke bi, akwai kuma gwajin da ake yi a jikin mutane masu lafiya: a ba su na kamfanin farko, bayan wani lokaci a ba su na kamfani na biyu, ana ɗibar jininsu sa'a bayan sa'a domin a ga adadin maganin da ya shiga jini da saurin shigarsa. Sakamakon lissafin dole ya faɗa tsakanin kashi 80 da kashi 125 cikin 100 na maganin farko. Wasu kan ji wannan adadi su ɗauka an yarda ƙwaya ta rasa kashi 20 na sinadarinta. Fahimtar ba daidai ba ce, domin iyakar ta shafi tazarar lissafi ce gaba ɗaya, wadda ta haɗa har da bambancin jikin mutane. Da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sake duba irin waɗannan gwaje-gwaje fiye da 2,000 da aka yi tsakanin 1996 da 2007, matsakaicin bambancin da ta samu bai kai kashi 5 cikin 100 ba.

Abin da ke iya bambanta

Sinadarin da ke aiki ɗan kaɗan ne a cikin ƙwaya. Miligiram 5 bai kai nauyin ƙwayar gero ɗaya ba. Sauran jikin ƙwayar kayan haɗi ne: sitaci, da sukarin madara, da abin da ke riƙe ta kada ta ruguje, da rini. A nan ne kowane kamfani ke da zaɓinsa, don haka launi da girma da siffa da ɗanɗano sukan bambanta. Ga yawancin mutane wannan ba ya canza komai. Akan samu ɗaiɗaikun da jikinsu ba ya jituwa da wani rini ko da sukarin madara, kuma su ma likita zai iya sauya musu kamfani cikin sauƙi.

Ba mu ce bambanci na haƙiƙa ba ya taɓa faruwa ba. A shekarar 2012 hukumar Amurka ta sa aka janye wani nau'in bupropion mai miligiram 300, wanda maganin ciwon damuwa ne, bayan an tabbatar ba ya sakin sinadarinsa a jini kamar yadda na kamfanin farko ke yi. Irin wannan matsala ta fi shafar ƙwayoyin da aka tsara su riƙa sakin magani a hankali tsawon yini. Darasin da muka ɗauka shi ne, kukan marar lafiya abin saurare ne, a rubuta shi a kai wa likita.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da mai ciwon fargaba. Cutarsa ita ce zullumi da sa ido a kan kowane motsi na jikinsa. Idan ya ga ƙwaya ta sauya launi ba tare da an yi masa bayani ba, zuciyarsa na iya fara bugawa, barci ya ƙaurace masa, ya yanke hukunci cewa sabon maganin ba ya aiki. Alamomin da yake ji na gaske ne, ko da ƙwayar ba ta da aibi. Daga nan ne haɗari ke farawa: wani ya ninka adadin da yake sha, wani ya daina gaba ɗaya, wani kuma ya nufi kasuwa neman mai launin da ya saba.

Inda haɗarin yake

Kama da wane ba ta wane. Ƙwayar da ta fi cutarwa sau da yawa ita ce wadda ta fi kama da "orijina" a ido, domin mai yin jabu kwalin da ya fi tsada yake kwaikwayo. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan magani 1 cikin 10 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki jabu ne ko marar inganci. Yankinmu yana kan hanyar Kano zuwa Daura, Ɓaɓura kuma tana kusa da iyakar Jamhuriyar Nijar, don haka kaya na shigowa ta fuskoki da dama, har da masu rubutun Faransanci waɗanda ba su da rajista a Najeriya. Shekara da shekaru kasuwar magani ta Sabon Gari a Kano ce ke ciyar da kantunan wannan yanki, har zuwa 2024 lokacin da NAFDAC da hukumar kula da sana'ar harhaɗa magunguna suka tilasta wa dillalai komawa cibiyar sari ta Dangwauro da ke kan hanyar Zariya. Wannan mataki ya sauƙaƙa bin diddigin kaya, amma bai kawar da masu tallan magani a kan tire da bayan babur a ranakun kasuwa ba. Ko da maganin mai kyau ne, yini a cikin ranar bazara, lokacin da zafi ke haura maki 40, yana rage masa inganci, alhali yawancin kwalaye sun ce a ajiye a ƙasa da maki 30.

Haɗari na biyu shi ne ruɗani a kan ƙarfin ƙwaya. Diazepam na zuwa da miligiram 2 da 5 da 10. Kamfanin farko ya bambanta su da launi, fari da ruwan ɗorawa da shuɗi, amma ba kowane kamfani ke bin wannan tsari ba. Wanda ya dogara da launi zai iya shan ninkin abin da aka rubuta masa bai sani ba. Lambar da ke kan kwali ita ce abin dubawa.

Na uku ya shafi halin maganin kansa. Diazepam da 'yan uwansa suna sa jiki ya saba da su, shi ya sa likitoci ke taƙaita su ga mako 2 zuwa 4 a yawancin masu fargaba. Wanda ya daɗe yana sha, idan ya yanke farat ɗaya, yana iya samun karkarwa da ruɗewa, har da jijjiga irin ta farfaɗiya. Haɗa su da tramadol ko kodin kuwa na iya danne numfashi har ya kai ga rasa rai. Su ne kuma ƙwayoyin da matasa ke kira D5. Saboda haka doka ta hana sayar da su sai da takardar likita, kuma ƙananan kemis ba su da izinin ajiye su. Ga ciwon da ya daɗe, likitoci sun fi karkata ga irin su fluoxetine da sertraline, waɗanda ke ɗaukar makonni kafin a ga amfaninsu, tare da zaman nasiha da tattaunawa.

Tsarin da Gidauniya ke bi

Bisa waɗannan dalilai muka tsayar da ƙa'idodinmu. Ba ma biyan kuɗin maganin fargaba sai da takardar likita, daga asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure, ko babban asibitin gwamnati, ko kuma Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ga waɗanda aka tura can. Muna saye daga sashen magani na asibiti ko kantin da ke da ƙwararren mai harhaɗa magunguna da lasisi. Muna duba lambar rajistar NAFDAC da lambar rukunin kaya da ranar ƙarewar aiki, mu rubuta su a littafi. Idan marar lafiya ya daidaita a kan maganin wani kamfani, muna ƙoƙarin ci gaba da samo masa shi. Idan ya yanke a kasuwa, sai a yi masa bayani kafin a miƙa masa sabon. Inda likita ya rubuta cewa lallai sai na kamfani kaza, muna bin umarninsa ko da ya fi tsada.

A sauran lokuta kuwa muna zaɓar mai rajista mafi sauƙin kuɗi. Tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023 farashin magungunan waje ya yi tashin gwauron zabi, kuma duk nairar da aka biya don sunan kamfani kawai, an rage ta ne daga rabon wani mabuƙaci da ke jiran layi. Kula da masu irin wannan lalura daga dukiyar waƙafi tsohuwar al'ada ce a tarihin Musulunci. Asibitin Nuruddin da aka gina a Dimashƙa a 1154, da na Sarki Ƙalawun da aka buɗe a Alƙahira a 1284, da waƙafi aka riƙe su, kuma suna karɓar masu ciwon ƙwaƙwalwa. Abin da ya sa irin waɗannan cibiyoyi suka daɗe shi ne tattalin dukiyar da aka tsayar musu.

Abin da muke roƙon kwamitoci

Kwamitin masallaci shi ne mafi kusa da gidan marar lafiya, kuma maganarsa na da nauyi. Idan aka kawo muku kukan an canza magani, ku nemi a kawo tsohon kwali da sabo, a karanta sunan sinadari da adadin miligiram a kan kowanne. Idan sun yi daidai kuma akwai lambar NAFDAC, ku kwantar wa iyalin da hankali. Idan sun saɓa, ko marar lafiya ya ci gaba da jin sauyi a jikinsa, a koma asibiti da kwalayen biyu ba tare da jinkiri ba, kada a ƙara kada kuma a daina kafin a ga likita. Ku ja hankalin iyali su ajiye ƙwayoyin a cikin kwalinsu, a wuri mai sanyi, a hannun babba guda ɗaya, nesa da yara da matasa, kuma kada a ba maƙwabci aro don ya ce barci ya gagare shi. Ku kuma rufa asirin waɗanda ake taimaka wa, domin tsoron a kira mutum mahaukaci na daga cikin abubuwan da ke hana jama'a zuwa asibiti. Addu'a da neman magani ba sa karo da juna, kuma limamai su ne suka fi cancantar isar da wannan saƙo.