Zaɓen na'urar daidaita zafi a gidajen da ake ɗumamawa ta ƙarƙashin daɓe

A ƙasashen Turai masu tsananin hunturu, gidaje da dama na samun ɗumi ne daga ƙarƙashin daɓe, inda ake shimfiɗa bututun ruwan ɗumi ko wayoyin lantarki. Tun bayan tashin farashin iskar gas a shekara ta 2022, sakamakon yaƙin Rasha da Yukren, batun na'urar da ke daidaita wannan zafi ya zama na aljihu, musamman ga masu zaman haya, waɗanda a Jamus sun zarce rabin magidanta.

Abin lura na farko shi ne daɓe ba ya ɗaukar zafi da wuri, kuma ba ya sakinsa da wuri. Yakan ɗauki sa'o'i kafin ɗaki ya ji canji. Saboda haka wanda ke yawan murɗa na'urar sama da ƙasa asarar makamashi kawai yake yi. Wadda ta fi dacewa ita ce mai agogo, da ake tsara mata lokaci ta fara aiki tun kafin mutanen gida su farka.

Na biyu shi ne wurin da ake auna zafin. Wasu na'urorin iskar ɗaki suke aunawa, wasu kuma daɓen kansa, akwai kuma masu haɗa biyun. Ƙa'idar Turai ta kayyade cewa zafin daɓe a ɗakunan zama kada ya wuce digiri 29 a ma'aunin Selsiyus, yayin da daɓen katako galibi ba a so ya haura 27, don kada ya tsage. Ke nan a gidan da ke da katako ko wayoyin lantarki, ma'aunin cikin daɓe ba abin wasa ba ne.

Na uku, wajibi ne ƙarfin wutar na'urar ya dace da na makunnin bututun, domin wasu na aiki da bolt 230, wasu 24.

Hukumar kare muhalli ta Jamus na ba da shawarar digiri 20 a falo da 17 a ɗakin barci, kuma rage digiri ɗaya kan tsimi kusan kashi 6 cikin ɗari na makamashi. Sai dai ɗan haya na bukatar amincewar mai gida da kuma ƙwararren ma'aikacin lantarki kafin ya canza na'urar.